Kano Mai Ganuwa da Kaduna Marar Ganuwa

Akwai garuruwa biyu manya a Arewa waɗanda kowane ɗan makaranta ya san sunansu tun bai iya riƙe alli ba, watau Kano da Kaduna. Tsakaninsu tafiyar kamar mil 140 ce, hanyar jirgin ƙasa guda ta ɗinke su, amma wanda ya tashi a ɗaya ya koma ɗaya sai ya ga kamar wata ƙasa ya shiga. Bakano in ya sauka Kaduna ya kan ce, "Wai ina garin ya ke?" don ya yi ta wuce unguwa bayan unguwa bai ga inda za a ce nan ne cibiya ba. Mutumin Kaduna kuwa in ya kutsa lungunan birnin Kano sai ya riƙa ɗaga kai yana neman sararin sama. To, wannan bambanci ba daga sama ya faɗo ba. Mutane ne suka yi shi da hannunsu, kowa da dalilinsa, shi ne kuwa na ke so ku 'yan makaranta ku duba tare da ni.

Bari mu fara da babba. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya ɗora harsashin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Sa'an nan Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarauta wanda har yanzu a ke kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi.

Na san da yawanku za su ce ai ganuwar nan ce ta matse Kanawa wuri guda, kamar yadda a kan cusa tumaki a garke. Haka mutum zai zata, amma ba haka ba ne. Wani Baturen Birtaniya, Clapperton, wanda ya yi yawo da sunan Abdullahi, ya zo Kano cikin 1824. Ya kimanta mutanen birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya ƙirga ƙofofi 15, ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba. Sauran duk gonaki ne da lambuna. Da gangan aka bar su, don in abokan gaba sun kewaye gari a sami inda za a yi shuka, a kuma ajiye mutanen ƙauye da dabbobinsu. Barth, Bajamushen nan da a ke kira Abdulkarim, ya zo cikin 1851, shi ma ya tarad da jama'a sun dunƙule a kudu maso gabas da Dutsen Dala, sauran birni kuwa fili fetal.

Ashe ga fili, amma mutane sun ƙi bazuwa. Me ya hana su? Ƙafa ce. A zamanin da ba mota ba keke, sai jaki da ƙafar mutum, abu uku ne ke riƙe da rayuwar Bakano: kasuwa, da fada, da masallacin Jumma'a. Wanda ya yi nisa da su ya yi nisa da abinci, ya yi nisa da shari'a, ya yi nisa da labari. Saboda haka kowa ya gwammace ɗaki ɗaya kusa da Kurmi da gida mai faɗi a gindin Goron Dutse. Sai kuma gado ya ƙara ɗaure abin. Yaro ya isa aure, a yanka masa wuri a tsakar gida a tā da ɗaki. Mai gida ya rasu, 'ya'ya su raba, a ja katanga, a huda sabuwar ƙofa. Gidan da kaka ya zauna shi kaɗai da iyalinsa, kafin jikoki su yi furfura ya zama gida biyar, lungu kuwa kullum sai ƙara tsukewa ya ke.

Ku dubi sunayen unguwanni, su kansu tarihi ne. Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Ayagi ta Yarabawa, da Dandalin Turawa, inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna, gama a dā su a ke kira Turawa. Ga Madabo ta malamai, ga Soron Ɗinki, ga marinar Ƙofar Mata. Baƙo in ya zo da kaya ba ya sauka inda ya ga dama, sai gidan fatoma, shi zai ba shi masauki, ya ajiye masa dukiya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in magana ta tashi. Mai unguwa ya san wanda ya kwana a unguwarsa jiya.

Wannan sanin juna shi ne jarin Kano na gaske, ya fi rini, ya fi ƙirgi. Clapperton ya ba da labarin wani abu da ya ba shi mamaki a Kurmi. In mutum ya sayi riga ko turkuɗi a naɗe, ya kai har Barno, ya kwance ya tarad da aibi, sai ya komo da ita, don an rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin, dole kuwa dillali ya nemo mai kaya a mayar da kuɗi. Ku tsaya ku yi tunani. Irin wannan ciniki ba ya yiwuwa sai inda dillali ba shi da wurin ɓuya, inda aka san zaurensu, aka san ubansa, aka san masallacin da ya ke salla.

Amma fa zaman matsi yana da nasa haraji. Duk ƙasar da aka gina birnin da ita daga cikinsa aka haƙo ta, ramukan suka zama kududdufai, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Jakara, wadda ta ratsa gefen kasuwa, tun Turawan farko su ke kuka da ita. Ciwo mai yaɗuwa, kamar agana a dā ko sanƙarau, in ya shiga gida ɗaya ba ya neman izini kafin ya ƙetara katanga. Ruwan famfo daga Challawa bai iso ba sai 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Har wa yau akwai lungunan da mota ba ta shiga, in naƙuda ta tsananta wa mace da tsakar dare sai an tallabo ta zuwa bakin titi. Asiri kuwa ba ya rufuwa. In an yi baƙo a gidanku, kafin a kawo masa ruwa maƙwabta sun san daga inda ya fito.

To, mu juya Kaduna. Ita ba ta da Gijimasu, ba ta da Rumfa. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, su ke zaune a ƙauyukansu a bakin kogin, ƙasar kuwa ta Zazzau ce. Waɗansu sun ce sunan daga kadduna ya fito, watau jam'in kada. Gwamna Lugga ya zauna Lakwaja, ya zauna Jabba, ya koma Zungeru cikin 1902, zafi da zazzaɓi suka dame su a can. Da hanyar jirgi ta ƙetare kogin Kaduna ta isa Kano cikin 1911, sai ya ga wurin da ya ke nema: ga ruwa, ga reluwe, ga fili iyakar ganin ido, kuma ba birnin wani babban sarki kusa, don Zariya na can wajen mil 50. Soja suka fara tarewa cikin 1913, ofisoshin Gwamnati suka biyo baya cikin 1917. Shi ya sa a ke ce mata garin Gwamna.

Kano ƙafa ta auna ta, Kaduna kuwa a kan takarda aka zana ta tun ba a sa tubali ba, kuma tazara na cikin zanen. Ƙa'idar Lugga ita ce a bar fili na yadi 440, ba gini, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Hujjarsa wai kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga can ya kawo nan, kada gobara ta tsallako, kada kuma kiɗa ya hana Bature barci. Ban san wanda ya gaya wa sauro iyakarsa yadi 440 ba. Bariki na gefe, gidajen Turawa kowane da makeken fili da itatuwa, ga filin sukuwa, wanda yanzu a ke kira Dandalin Murtala, tashar jirgi kuma can ƙetaren kogi. Akawu da masinja da kuku da lebura aka ware musu Sabon Gari, daga baya Tudun Wada. Wanda bai sami wuri ba, ko kuɗin haya ya fi ƙarfinsa, sai ya fita ƙauyukan gefe, irin su Kawo da Makera da Kakuri, ya kafa bukka. Haka garin ya yi ta girma, ba daga tsakiya zuwa waje ba, sai dai tsibi tsibi, daga baya tsibin su haɗe.

Ya ya zama ya ke a irin wannan gari? A Kano in ka zo neman aure ko bashi, tambayar farko ita ce, "Ɗan wane gida ne?" A Kaduna kuwa, "Ina ya ke aiki?" Kada ku raina wannan. Yaron da ubansa maƙeri ne ko mahauci, in ya yi ilmi ya zama akawu a Kaduna, ba mai tuna masa da uwar maƙera ko wuƙa. Bahaushe da Bajju da Banufe da Tibi da Ibo suka zauna gidan haya guda, suna ɗiban ruwa a famfo guda, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Makarantar nan ta Katsina ma, wadda ta yaye manyan Arewa, an kawo ta Kaduna cikin 1938 kafin a mai da ita Zariya cikin 1949. Da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri cikin 1957, waɗansu suka biyo ta, sai jama'a suka yi ta kwararowa, har ƙidayar 1963 ta sami kimanin mutum 150,000. Gwamnati ta ɗauko wani masanin tsara gari daga Ingila, Max Lock, ya fito da tsari cikin 1967 wanda aka nufa ya kai garin har 2017. Garin bai jira takarda ba. Aka kafa kamfanin harhaɗa motar Peugeot cikin 1975, matatar mai cikin 1980, unguwanni suka yi ta tsirowa inda ba a zana su ba.

Harajin Kaduna kuwa da lokaci a ke biyansa, da kuɗin mota. Bakanon cikin birni ya kan je kasuwa, ya yi gaisuwar mutuwa, ya leƙa suna, ya komo gida kafin azahar, duk a ƙafa. Ma'aikacin da ke kwana Rigasa ko Sabon Tasha kuwa, wani kaso na albashinsa a hanya ya ke ƙarewa. Famfo da titi da makaranta ba su iya bin gari mai gudu haka, sai unguwa ta cika tukuna su iso, in sun iso. Kuma da yawan mazauna, in sun ce "gida", wani gari su ke nufi. Ku je tashar mota ana jajiberin Salla ko Kirsimeti ku gani.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, ba kuwa zan ɓoye muku shi ba don kuna yara. Masaƙun nan da suka tara Musulmi da Kirista a bakin inji guda sun durƙushe, ta farkon ta rufe cikin 2002. Cikin 2000 kuma aka yi mummunan rikici a garin, aka sake cikin 2002, rayuka masu yawa suka salwanta. Bayan ƙura ta lafa sai mutane suka yi ta sayar da gidaje suna ƙaura, galibin Kirista suka koma kudancin kogi, galibin Musulmi suka tattaru a arewa. Kada wani Bakano ya yi alfahari a nan, gama Kano ma ta ga nata tun cikin 1953, kuma Sabon Garinta, wanda aka kafa a bayan ganuwa cikin 1913, irin tazarar nan ce ta Lugga. Abin da na ke so ku lura shi ne, garin da ya ke da fili ko'ina, rabuwa ba ta da wuya a cikinsa. Wanda ya ji tsoron maƙwabcinsa yana da inda zai koma, sai ya koma, 'ya'yansu su tashi ba su taɓa wasa tare ba. Ni a ganina wannan ita ce hasara mafi girma da faɗin Kaduna ya jawo mata, ta fi ta kuɗin mota nesa.

Yanzu kuwa garuruwan biyu kowane ya ara daga ɗan'uwansa. Tudun Wada da Rigasa sun cushe har sun yi lunguna irin na birni. Kano kuma, da mutanenta suka kai miliyoyi, ta cinye gonakin nan da Clapperton ya gani, ta tsallake ganuwa ta bazu Hotoro, da Na'ibawa, da Ɗorayi, da Rijiyar Zaki, har ta haɗiye ƙauyukan da dā a ke zuwa da guzuri. Ganuwar kanta ta zube a wurare da yawa, waɗansu sun ɗebi ƙasarta, waɗansu sun yi gini a kanta, tsohuwar Ƙofar Na'isa ma an rushe ta cikin 2010 don a faɗaɗa titi. Kududdufan da a ke zagi saboda sauro an cike da yawansu an tā da kantuna da gidaje. Sai da aka cike su aka gane aikin da su ke yi, don ruwan Agusta da ya saba kwanciya a cikinsu, da ya zo bai tarad da su ba, sai ya bi lungu ya shiga ɗakunan mutane.