Yadda ake zaɓen akwati da shirya kaya domin balaguron shaƙatawa a jirgin ruwa

Balaguron shaƙatawa a jirgin ruwa tafiya ce da matafiyi ke kwana a ɗaki guda na tsawon kwanaki, yayin da jirgin ke yada zango a birane daban-daban. Galibin waɗannan jirage na tashi ne daga tashoshi irin su Basalona a Sifen, da Mayami a Amurka, da Dubai, da kuma Jidda, inda kamfanin AROYA na Saudiyya ya fara jigila a watan Disambar 2024. Saboda haka duk wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar sai ya fara hawa jirgin sama kafin ya kai bakin teku. Wannan ne ya sa abubuwa biyu ke yanke hukunci kan girman akwati: dokar jirgin sama da ƙarancin fili a ɗakin jirgin ruwa.

Ma'aunin jirgin sama

Kamfanonin jiragen ruwa na da sassauci wajen yawan kaya, amma na jiragen sama ba su da shi. A mafi yawansu, akwatin mai ƙaramin tikiti ba ya wuce kilo 23, kuma idan aka haɗa tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, har da tayoyi da mariƙi, kada jimillar ta haura santimita 158. Jakar hannu kuwa tsawonta kan tsaya a wajen santimita 55, nauyinta kilo 7 ko 8 a kamfanoni da dama.

Idan tafiyar ta haɗa jirage biyu da tikiti daban-daban, dokar wanda ya fi tsanani ita ce abin lura. Kamfanoni masu arha na Turai kamar Ryanair da Vueling na cajin kuɗi na daban kan akwati. Buhun nan da ake kira Gana-mas-go shi ma ba abin dogaro ba ne, domin kamfanin jiragen saman Habasha ya sanar da daina karɓar sa daga Najeriya a ƙarshen shekarar 2023.

Girman da ya dace

Akwatunan kasuwa sun kasu gida uku. Ƙarami, mai tsawon santimita 55, ya ishi tafiyar kwana uku ko huɗu. Matsakaici, mai santimita 65 zuwa 69, shi ya fi dacewa da tafiyar mako guda, wadda ita ce aka fi yi. Babba, mai santimita 75 zuwa sama, na tafiyar mako biyu ne ko ta yanki mai sanyi. Aibinsa shi ne nauyinsa kaɗai kan ci kilo 4 zuwa 5, kuma idan aka cika shi yakan zarce kilo 23.

Ɗakin jirgin ruwa na gama-gari bai cika wuce murabba'in mita 14 zuwa 17 ba, har da banɗaki. Bayan an kwashe tufafi an jera a kabad, ƙarƙashin gado ake tura akwati, don haka wanda ya cika kauri zai tare hanya har ƙarshen tafiya. Kamfanin Carnival ya ƙayyade cewa idan aka kwantar da akwati kada kaurinsa ya wuce inci 16, faɗinsa kuma inci 24, wato kimanin santimita 41 da 61, domin ya iya ratsa na'urar bincike. Ga ma'aurata, matsakaita biyu sun fi ƙato guda, kuma yana da kyau kowanne ya saka wasu tufafinsa a akwatin ɗan'uwansa, ko da ɗaya zai ɓata a filin jirgi.

Jakar ranar farko da ta ƙarshe

A tashar jirgin ruwa, ma'aikata ke karɓar manyan akwatuna bayan an liƙa musu takarda mai ɗauke da suna da lambar ɗaki. Kayan ba sa isa ƙofar ɗaki sai bayan sa'o'i, wani lokaci sai dare. Don haka fasfo, da takardun biza, da katin rigakafin cutar shawara, da magunguna, da kuɗi, da cajar waya, da tufafin canji guda, duk a jakar hannu suke zama. Wanda ya bar fasfonsa a babban akwati na iya rasa damar shiga jirgin baki ɗaya.

Haka lamarin yake a daren ƙarshe. Ana fitar da akwatuna bakin ƙofa kafin a kwanta, ba a sake ganin su sai a tasha. Dole a ware kayan da za a saka da safe.

Tufafi

Yanayin yankin ne ke nuna abin da za a ɗauka. Ana zagayen Bahar Rum galibi daga Afrilu zuwa Oktoba, na Tekun Fasha kuwa daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da zafi ya lafa. Gabar Norwe da Alaska na buƙatar rigar sanyi da ta ruwa ko a tsakiyar shekara. Ko a yankin zafi, iskar saman jirgi da dare da na'urar sanyaya ɗaki na sa a nemi suwaita ko mayafi mai kauri.

A tafiyar mako guda akan yi liyafar ado sau ɗaya ko biyu. Kaftani da hula, ko leshi da gwaggwaro, sun wadatar. Sai dai shadda na da nauyi kuma tana saurin yamutsewa, ga shi ba a yarda fasinja ya shigo da dutsen guga ba, a jirage da dama sai ya biya ma'aikatan wanki su goge masa. Takalmi ƙafa uku ya isa: na yawo a gari, na ado, da silifa.

Abubuwan da aka hana

Gobara ita ce babbar barazana ga jirgi a tsakiyar teku. A watan Maris na 2006, wutar da ta tashi a barandar wani ɗaki na jirgin Star Princess a Tekun Karebiyan ta lalata ɗakuna masu yawa, fasinja guda ya rasu. Shi ya sa ake ƙwace kyandir, da rishon lantarki, da hitar ruwa, da wayar ƙarin soket mai na'urar kariya daga hauhawar wuta. Turaren wuta da kaskonsa na cikin wannan rukuni, turaren fesawa ko humra ne madadinsu.

Kilishi da dambun nama ma a bar su a gida, domin Tarayyar Turai ta hana matafiya daga irin waɗannan ƙasashe shigo da nama da madara. Magani kuwa a bar shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na tsaurara doka kan magunguna irin su taramadol da kodin, kuma sai da izini ake shiga da su. Batirin ajiyar caji a jakar hannu jiragen sama ke yarda a ɗauke shi.

Ƙananan abubuwa masu amfani

Soket ɗin jirage da dama samfurin Amurka ne ko na Turai, alhali filogin Najeriya mai ƙafa uku samfurin Ingila ne, don haka adafta wajibi ce. Maganin jiri da tashin zuciya na taimakon wanda bai saba da igiyar ruwa ba. Sallaya marar nauyi da ƙaramar butar roba ba sa cin wuri. Alƙibla na sauyawa yayin da jirgi ke juyawa, kuma ƙarfen jikinsa na rikita kamfas, amma taswirar hanya da ake nunawa a talabijin ɗin ɗaki na taimakawa wajen gane ta.

Kafin barin gida, a auna akwati da sikeli, a bar sararin kilo biyu ko uku saboda tsaraba, domin ma'aunin da aka bi wajen tafiya shi ke jira wajen dawowa.