Daga Asaba zuwa Kaduna: yadda Kano Pillars ta ɗauki kofin 2019

Ƴan uwa ɗalibai, in anka zauna fada a Tawa ko Tebaram ana gardamar balo, sunan Barcelona da Real Madrid kaɗai za ka ji. Amma ga wani tarihi nan kusa da mu, a Kano, garin da ƴan Adar da yawa ke zuwa cin rani, wanda ya cancanci a rubuta shi.

Kofin da nike magana shi ne kofin ƙalubale na Najeriya. An fara shi a 1945, zamanin Turawa, da sunan kofin Gwamna. Tsarinshi na sili ɗaya ƙwale ne: ana farawa daga jihohi, waɗanda sunka yi fice su haɗu a matakin ƙasa, wanda anka ci ya koma gida. Ƙungiyar garin Kano ta ɗauke shi a 1953. Daga nan shiru.

An kafa Kano Pillars a 1990. Ta ci gasar lig ta ƙasa sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Magoya bayanta na yi mata kirari da "Sai masu gida". To amma wanga kofi ya ƙi zuwa gidan. Ta kai wasan ƙarshe a 1991, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta.

Sai ranar 24 ga Oktoba 2018, a filin Stephen Keshi na Asaba, Pillars ta kara da Enugu Rangers. Rabi'u Ali, wanda ake ce ma Pele, ya buɗe raga tun da wuri. Ibrahim Alhassan ya ƙara. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci Nyima Nwagua ya zuba ta uku. Uku ba ko ɗaya! Wa zai ce ba a gama ba? Har anka wuce minti 75 haka wasan yake. Sannan Rangers ta rama ɗaya, ta rama ta biyu, cikin mintocin da alƙalin wasa ya ƙara kuma Ajani Ibrahim ya farke ta uku. Da anka zo bugun fenariti gwiwar ƴan Pillars ta riga ta yi sanyi, Rangers ta ci 4 da 2. Ita ma shekara 35 ke nan rabonta da kofin, tun 1983.

A ganina hanyar kofin 2019 daga wannan daren ta faro. Irin wanga kaye yakan watse ƙungiya, a kori mai horarwa, ƴan wasa su kama gabansu. Amma a kofin 2019 Ibrahim Musa ne mai horar da Pillars, Rabi'u Ali ma yana nan. Da su ta sake ratsa zagayen gasar har wasan ƙarshe.

Ranar 28 ga Yuli 2019, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, ta haɗu da Niger Tornadoes. Kada sunan ya ruɗe ku, ba Nijar tamu ba ce, jihar Neja ce, ƙungiyar garin Minna. Ita ma da nata tabon: ta ɗauki kofin a 2000, ta rasa shi a 2017 hannun Akwa United, a bugun fenariti. Wato ƙungiyoyi biyu da fenariti ya taɓa sa su kuka ne sunka haɗu, kuma anka tashi babu ci, dole a koma ga abin da kowa ke tsoro. Wannan karon Pillars ta ci 4 da 3. Bayan shekara 66, kofin ya koma Kano.

Na iya kawo muku ranaku da sunaye ne don wasu sun zauna sun rubuta su. Mu ma muna da kofin ƙasa a Nijar, muna da wasannin unguwanni lokacin hutu, waɗanda tsofaffinmu ke ba da labarinsu da baki. In sun tafi, labarin ya tafi. Wanda duk ke da kaka ko kawu da ya taɓa buga ma garinku balo, ya ɗauki biro da kaye ya je ya tambaye shi, ya kawo muna a fitowa ta gaba.