Gidan Ɗan Hausa da Aikin Riƙon Tsohon Gini

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu muna sammako zuwa masana'antun Bompai, waɗansu kuma Sharada ko Challawa. Idanunmu sun saba da bulo da kwano da ƙarfe, har mun ɗauka da su aka san Kano tun fil'azal. Amma a Nasarawa, ba nisa da Bompai, akwai wani gidan ƙasa da ya haura shekara ɗari yana tsaye, ana kiransa Gidan Ɗan Hausa. Ya kamata mu san labarinsa, gama yana koya mana abin da ke sa gini ya daɗe, da abin da ke kashe shi.

Mutumin da gidan ya ci sunansa shi ne Hanns Vischer, wanda aka haifa a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876. Ya fara zuwa ƙasar nan a 1901 cikin 'yan mishan na CMS, daga baya ya koma aikin gwamnatin Turawa. A 1906 ya ƙetare Sahara tare da ayari, daga Tarabulus zuwa Borno. Saboda ƙwarewarsa a harshe da sanin al'adun mutane aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa. A 1909 ya buɗe makaranta a Nasarawa, inda aka koyar da 'ya'yan sarakuna da malamai, aka kuma koyar da sana'o'in hannu. Gidan da ya zauna a ciki kuwa irin na Kanawa ne, da zaure da soraye da zankwaye, aikin maginan gari.

Wanda bai san yadda ake irin wannan gini ba, zai ce ai laka ce kawai. Magini yakan zaɓi jar ƙasa mai danƙo, a zuba mata ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu tana tsima. Daga nan a mulmula tubali da hannu, a shanya a rana, a jera shi cikin kwaɓi, gindin bango da kauri, samansa yana ƙanƙancewa. Rufi kuma da azara ake yinsa, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika damunsa ba. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyi a kan tazara mai faɗi, sai magina suka ƙware wajen ɗaura bakan gizo, domin ɗaki ya yi girma ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Kaurin bangon nan shi ke tare zafin bazara da rana, ya kuma riƙe ɗumi a daren hunturu.

Babban magabcin ginin ƙasa shi ne ruwa, kakanninmu kuwa sun san maganinsa. Suna yaɓe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Saman soro kuma suna shafe shi da laso, haɗin katsi daga marina, da gashin jima, da dafara. Ku duba hikimar: abin da marini ya kwashe daga gindin karofi, da gashin da majemi ya kankare daga fata, su ne suke hana soro yoyo. Masu aiki a kamfanonin jima na Challawa da Sharada, magabatanku a wannan sana'a suna da hannu a rufin birnin nan. Amma makuba da laso ba sa dawwama. Dole kafin damina maigida ya hau soro, ya share bakin indararo, ya cike tsaga, ya sabunta yaɓe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka yake yi.

Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan gini na waje suka sami hanya. Sannu a hankali kwano da siminti suka zama alamar wadata, ginin ƙasa ya zama abin jin kunya. 'Ya'yan magina suka nemi aikin albashi, itatuwan giginya suka yi ƙaranci. Waɗansu masu gida, da kyakkyawar niyya, suka shafe bangon ƙasa da siminti domin su huta da yaɓe. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa da kyau; yana kulle laima a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, har ran da shafen zai ɓamɓaro gaba ɗaya.

Ganuwar Kano ta nuna mana ƙarshen abin da aka daina kula da shi. Sarki Gijimasu ne ya fara ta tsakanin 1095 da 1134, sarakunan baya suka faɗaɗa ta, jama'a kuma suna fita gyaranta. Bayan Turawa sun ci birnin a 1903 ba ta ƙara zama garkuwar yaƙi ba, gyara ya tsaya. Ruwa ya zaizaye ta, aka ɗebi ƙasarta, aka yi gidaje a kanta. Ko da aka sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shaidar UNESCO a 2007, sashe mai yawa ya riga ya tafi. Gidan Makama kuwa, wanda ake danganta shi da zamanin Muhammadu Rumfa, Sarkin Kano daga 1463 zuwa 1499, yana nan, domin ba a bar shi kango ba, yau gidan adana kayan tarihi ne. Gidan Ɗan Hausa ma haka ya tsira, yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano.

Wannan ƙa'ida ba ta ginin ƙasa kaɗai ba ce. A garin Wells na Ingila, kusa da babbar majami'a, akwai wani layin gidajen dutse mai suna Vicars' Close. Bishop Ralph ne ya kafa shi a ƙarni na 14 domin mawaƙan majami'ar, gida 42 suna fuskantar juna. Da zamani ya sake, aka yarda mazaunansa su yi aure, sai aka haɗe waɗansu gidajen domin su ɗauki iyali. Fiye da shekara 600 ke nan, har yanzu mawaƙa suna kwana a layin, ana kuma ci gaba da gyaran rufinsa da bangayensa. An sāke fasalin ɗakuna, amma ba a taɓa rasa mai zama da mai gyara ba.

Mu ma muna da namu. A Wusasa kusa da Zariya, inda mishan ta koma a 1929, an gina majami'ar St. Bartholomew da tubali bisa tsarin ginin Hausa. Masu bi na farko ba su ga cewa sai sun bar ginin iyayensu kafin su sami wurin sujada ba. A ƙauyuka da yawa akwai irin waɗannan: tsohuwar majami'a, gidan mai bishara na farko, ɗakin da aka fara koyon karatu. Sau da yawa da zarar ikkilisiya ta sami kuɗin sabon gini, sai a tura tsohon cikin yini guda, ba wanda ya ko ɗauki hotonsa.

Ba laifi ba ne a gina sabo idan jama'a ta ƙaru. Amma kafin a ɗaga diga, bari dattawa su zauna su tambaya ko tsohon zai iya zama ajin yara, ko ɗakin karatu, ko masaukin baƙi. A nemo tsohon maginin da ya rage a gari, a biya shi hakkinsa, a haɗa shi da samari biyu ko uku su koya. A ware ɗan kuɗin yaɓe kowace shekara, a yi aikin kafin ruwan farko. A rubuta sunayen waɗanda suka ɗauko ƙasa da ruwa a ka, tun masu tunawa da su suna raye. Waɗanda suka gina mana ba su da kuɗin da muke da shi yau, duk da haka sun bar mana abin nunawa. Allah ya sa 'ya'yanmu su same shi a tsaye.