Bonfrere Jo, Mutumin Filin Atisaye

Tambayi duk wanda ya kai shekara arba'in a Najeriya wa ya gina Super Eagles ɗin 1994, zai ce maka Westerhof, kuma bai yi ƙarya ba. Clemens Westerhof ne ya zo a 1989, ya tarar da ƙungiyar da ke makokin Samuel Okwaraji, ya sha kashi a hannun Kamaru a Yawunde a wasansa na farko, sannan ya shekara biyar yana tara yara daga kulob-kulob na gida yana nema musu hanyar Turai. Shi ke magana da 'yan jarida, shi ke da ƙofa a ofishin Augustus Aikhomu, mataimakin Janar Babangida, inda yakan tsallake hukumar ƙwallo ya je ya samo abin da yake so. Amma a bayansa akwai wani Baturen, shi ma ɗan Holan, wanda usur ke rataye a wuyansa. 'Yan wasan wancan zamani sun sha faɗa cewa yawancin aikin fili, wato gudu da juriya da jera 'yan wasa a atisaye, a hannun wannan na biyun yake. Sunansa Johannes Bonfrere. A nan Bonfrere Jo muke ce masa.

An haife shi a 1946 a Eijsden, wani ƙaramin gari a kudancin Holan dab da iyakar Beljiyam. Duk rayuwarsa ta ɗan wasa a kulob ɗaya ya yi ta, MVV ta birnin Maastricht, a tsakiyar fili, ya buga mata wasa fiye da 300. Bai taɓa zama tauraro ba, bai buga wa Ajax ko Feyenoord ba. Da ya ajiye takalmi ya horar da MVV ɗin, ya kuma taɓa aiki da wani ƙaramin kulob a garin Geel na Beljiyam. Mutumin da ya yi kusan rabin rayuwarsa bai bar yankinsu ba, shi ne daga baya ya yi ta yawo da jaka daga Legas zuwa Doha, Abu Dhabi, Alƙahira, Seoul da Dalian.

Ya taso ne a ƙasar da aka ɗauki lafiyar jikin ɗan wasa da muhimmanci. Rinus Michels, wanda ya gina Ajax daga 1965, malamin motsa jiki ne a makaranta kafin ya zama koci, kuma ƙwallon da ya koyar, na kowa ya kai hari kowa ya dawo tsaro, ba ya yiwuwa sai da huhu. Wannan tarbiyya Bonfrere ya zo da ita Najeriya a 1990.

Mai kallo daga kan benci ba ya ganin wannan aiki, shi ya sa nake so in tsaya a kansa. Na sha zama bakin wani fili a Kaduna da sanyin safiya ina kallon yadda wani tsohon koci ke gasa wa yaransa. Ba zagaye fili kawai ba ne. Zai jera duwatsu, ya ce a ruga daga nan zuwa can, a dawo da sassarfa, kafin numfashi ya daidaita ya sake busa usur. Idan ya ga harshe ya fara fita, sannan zai jefa musu ƙwallo, biyar da biyar a ɗan ƙaramin wuri, taɓawa biyu kawai. A nan za ka ga yaron da ɗazu yake yanka mutum uku yana ba da ƙwallo ga abokin hamayya, don kai ne ke fara gajiya kafin ƙafa. Ɗan baya da ya gaji yakan makara da taku ɗaya, tazara ta buɗe tsakaninsa da ɗan'uwansa, a nan ake zura ƙwallo. Wanda aka saba masa da yin tunani alhali ƙirjinsa na zafi, shi ke cin wasa a minti goma sha biyar na ƙarshe. Duk sana'ar mai horar da jiki a kan waɗannan mintuna take.

Tare da Westerhof aka ci tagulla a gasar Afirka a Senegal a 1992, aka samu tikitin gasar cin kofin duniya na farko da kunnen doki 1-1 a Aljiyas a watan Oktoba 1993, aka ɗauko kofin Afirka a Tunisiya a watan Afrilu 1994 bayan doke Zambiya 2-1. A tsakani ma an ɗora wa Bonfrere ƙungiyar mata, ya kai su gasar duniya ta farko a Sin a 1991, inda suka sha kashi a wasa uku ba su ci ko ɗaya ba. Yabon duk shekarun nan ga Westerhof ya tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina ganin daga nan ne tsamin da ke tsakanin mutanen biyu ya samo asali, tsamin da bai gushe ba har tsufansu, har ya kai su gaban alƙali a ƙasarsu. Ba na jin daɗin wannan ɓangare na labarin, don kowannensu ya yi abin da ɗayan ba zai iya ba.

Damarsa ta zo a mafi munin lokaci. A watan Nuwamba 1995 gwamnatin Janar Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas, duniya ta juya wa Najeriya baya, aka yi musayar zafafan kalamai da Mandela na Afirka ta Kudu. Najeriya ta ƙi zuwa kare kofinta a Afirka ta Kudu a Janairu 1996, hukumar CAF ta haramta mata gasar 1998. Ƙungiyar da ta fi kowace ƙarfi a Afirka ta zauna ba wasa. Abin da ya rage shi ne gasar Olamfik ta Atlanta, ta 'yan ƙasa da shekara 23 da manya uku, kuma Bonfrere aka miƙa wa.

Shirin bai yi kyau ba. Togo ta zo har Legas ta doke su 3-1 a wasan sada zumunta, 'yan kallo suka yi musu ihu. Rigimar albashi ta sa kocin ya yi fushi ya koma gida, sai da aka lallaso shi. A sansaninsu na Tallahassee a jihar Florida, 'yan wasan sun sha ba da labarin yadda manyansu masu albashin Turai suka riƙa biyan wasu buƙatu daga aljihunsu, har da tuƙa motocin da ke kai su atisaye. Amma makonnin nan na zafin Florida, nesa da Legas da masu shiga da fita, su ne irin abin da mutum kamar Bonfrere yake buƙata: yara, fili da lokaci.

Mu mutanen Kaduna muna da kaso babba a wannan ƙungiya. Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel, duk a filayen garin nan suka koyi taka leda. Sun doke Hungary 1-0, Japan 2-0, Brazil ta ci su 1-0, suka fitar da Meziko 2-0. Ranar 31 ga Yuli aka sake haɗuwa da Brazil ta su Ronaldo, Bebeto, Rivaldo da Roberto Carlos a garin Athens na jihar Georgia. Dare ya yi nisa a nan gida. Kafin hutun rabin lokaci an ci mu 3-1, aka dawo Okocha ya ɓarar da fanareti, a gidan da muke kallo mutane suka fara saka takalma. Sai a minti na 78 Victor Ikpeba ya farke ɗaya. A minti na 90 Kanu ya ɗaga ƙwallo a gaban gola Dida ya juya ya zura ta. Minti huɗu da shiga ƙarin lokaci ya ƙara, wasa ya ƙare nan take, 4-3. Bayan kwana uku, a wasan ƙarshe, Ajantina ta shiga gaba sau biyu, Babayaro ya farke ta farko, Amokachi ya farke ta biyu a minti na 74, Emmanuel Amunike ya ci ta uku a minti na 90 lokacin da 'yan bayan Ajantina suka fito don su kama shi da satar gida. Ƙasar Afirka ba ta taɓa cin zinare a ƙwallon Olamfik ba sai ranar.

Ana yawan cewa baiwa ce, ko sa'a, ko addu'ar mutane. Ban musa ko ɗaya ba. Amma dubi mintunan: 78, 90, 94, 74, 90. Ƙungiyar da ke cin manyan ƙasashen duniya a irin waɗannan mintuna sau biyu cikin kwana huɗu, ƙafafunta ne ba su mutu ba, kuma wani ne ya tanade su tun a Tallahassee.

Bai dawo Najeriya da ƙungiyar ba. Daga Amurka gida ya wuce, ransa a ɓace da jami'an wasanni. Wannan halin ya bi shi ko'ina: ba ya iya zama da manya, ba ya iya haɗiye magana gaban 'yan jarida, ba shi da wani Aikhomu da zai kare shi. Ya tafi Katar, ya yi aiki da kulob ɗin Al Wahda a Abu Dhabi, sai ga shi Najeriya ta sake kiransa a ƙarshen 1999 don gasar Afirka ta 2000 da muka shirya tare da Ghana, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano.

A wannan gasa ma an ga hannunsa. Senegal na gaba a Legas har saura minti biyar, Julius Aghahowa da ya sako daga benci ya farke, ya ƙara a ƙarin lokaci. Babangida ya ci Afirka ta Kudu biyu. A wasan ƙarshe ranar 13 ga Fabrairu, Eto'o da Mboma suka sa Kamaru gaba 2-0, Raphael Chukwu da Okocha suka farke. A bugun fanareti ƙwallon Ikpeba ta bugi turken sama ta sauka bayan layi, alƙalin wasa Mourad Daami na Tunisiya bai ba da ita ba, Rigobert Song ya ci tasa, kofi ya tafi Kamaru. Da an ba da wannan ƙwallo, wataƙila da yau wani labarin ake yi. Daga nan abubuwa suka yi ta zamewa: Laberiya ta George Weah ta ci mu a Monrovia, Chile ta ci mu 4-1 a Olamfik na Sydney, Saliyo ta ci mu 1-0 a Freetown a Afrilu 2001. Aka sallame shi, Shuaibu Amodu ya karɓa tare da Stephen Keshi, suka kai ƙasar gasar duniya ta 2002, su ma aka sallame su kafin a je.

Ya riƙe ƙungiyar Daular Larabawa na ɗan lokaci, sannan Al Ahly ta Masar a kakar 2002 zuwa 2003. Ya ja ragamar teburi har ranar ƙarshe, ƙaramin kulob ɗin ENPPI ya ci su 1-0, Zamalek ta ɗauke kofin. A Alƙahira ba a yafe irin wannan. Daga baya ya yi aiki a Sin, da Dalian Shide a 2007 da Henan Jianye a 2011. Gidan da gwamnatin Najeriya ta yi masa alkawari saboda kofin 1994 kuwa, sai bayan fiye da shekara ashirin aka miƙa masa makullinsa a Abuja.

Amma aikin da ya fi nuna yadda sana'ar nan take shi ne na Koriya ta Kudu. A 2002 Guus Hiddink ya kai Koriya wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya, da ƙungiyar da mai horar da jiki Raymond Verheijen ya shirya har ta riƙa gajiyar da Italiya da Sifen. Tun daga lokacin Koriyawa suka yi imani da kocin Holan. A watan Yuni 2004 suka ɗauki Bonfrere. A Disamba ya doke Jamus ta su Oliver Kahn da Ballack 3-1 a Busan. A Yuni 2005 ya je har Kuwait ya ci 4-0, Koriya ta samu tikitin gasar duniya saura wasa ɗaya a hannu. Abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan, ya kuma yi. Sai dai jama'a da Hiddink suke auna shi. Koriya ta zo ta ƙarshe a gasar gabashin Asiya da aka yi a gidanta, Saudiyya ta ci ta 1-0 a Seoul a wasan da bai hana ta komai ba, jaridu suka taso shi gaba. A watan Agusta 2005 ya ajiye aiki, aka kawo wani ɗan Holan ɗin, Dick Advocaat.

A daidai wannan lokaci, a yammacin Afirka, Keshi, kyaftin ɗin da ya yi gudu a ƙarƙashin usur ɗin Bonfrere a shekarun Westerhof, yana yin abin da ba wanda ya zata. A Oktoba 2005 ya kai Togo gasar duniya karo na farko a tarihinta, ya bar Senegal a baya. Togo ta yi rashin nasara a wasanninta uku a gasar Afirka ta Masar a farkon 2006, aka sallame shi, aka kawo Bajamushe Otto Pfister.

Ƙuri'a ta haɗa ƙasashen biyu a rukuni ɗaya. Ranar 13 ga Yuni 2006 Koriya ta Kudu da Togo suka kara a Frankfurt. Mohamed Kader ya fara ci wa Togo, Lee Chun-soo ya farke da bugun tazara, Ahn Jung-hwan ya ci ta biyu. Advocaat na zaune a benci ɗaya, Pfister a ɗayan. Bonfrere da Keshi, waɗanda suka yi wahalar kawo ƙungiyoyin biyu wurin, ba ko ɗaya da ke da kujera a bakin filin.