Daga Taruga zuwa kwaɗon ƙofar shago

A taron da ya wuce an yi musu a kan kwaɗon da za mu saya wa ɗakin ajiya: wani ya ce ƙarfe ai ƙarfe ne, a ɗauki mai araha. Ban yarda ba, kuma dalilina ya girme mu duka.

Kimanin kilomita 60 kudu maso gabashin Abuja akwai wani wuri da ake kira Taruga. A shekarun 1960 Bernard Fagg ya tono murahun narka tama a can, na mutanen al'adar Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000. A Kano ma an samu shaidar narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma tarihin baka na danganta kafuwar garin da maƙera Abagayawa da suka zo daga Gaya neman tama.

Abin da irin wannan murhu ke fitarwa dunƙule ne, ba ƙarfe mai hali ɗaya ba. Ɓangaren da ya daɗe cikin gawayi ya sha sinadarin kabon, wani ɓangaren bai sha ba. A nan dukan maganar take. Ƙarfe mai ƙarancin kabon yana lanƙwasa amma ba ya riƙe kaifi, ko sau nawa ka tsoma shi a ruwa. Mai yawan kabon kuwa, in ya yi ja aka tsoma shi, sai ya yi tauri har zarto ya kasa cin sa, sai dai bugu ɗaya na iya karya shi. Maƙerin da bai san kalmar kabon ba, amma yana gane bambancin a ƙarƙashin masaba, kuma da gawayin ƙirya da zugazugi yake sarrafa wutarsa. A ganina wannan ilimi ne cikakke, ko da ba a rubuta shi ba.

Dabarar haɗa halayen biyu a ƙarfe ɗaya ita ma tsohuwa ce. A Turai, wajen ƙarni na 12, wani malamin coci mai suna Theophilus ya bayyana yadda ake taurara zarto da garin ƙonannen ƙahon sa da gishiri. A 1722 Bafaranshe Réaumur ya wallafa bincikensa kan yadda ake mai da ƙarfe mai laushi ya zama mai tauri. Masana'antun yau sun maye gurbin ƙaho da iskar gas, amma hanyar ɗaya ce: a ɗauki ƙarfe mai kabon kamar kashi 0.2 cikin ɗari, a riƙe shi sa'o'i a zafin digiri 900 zuwa 950, kabon ya ratsa fatarsa har ta kai wajen kashi 0.8, sannan a tsoma shi a mai. Sanyayar gaggawa na hana kabon fita daga inda ya maƙale, sai fatar ta koma wani tsari mai kama da allurai in an duba da madubin ƙara girma. Ana ce masa matensait, sunan Bajamushe Adolf Martens aka sa masa. Cikin kuwa yana nan da laushinsa, yana shanye bugu. Haka ake yin haƙoran giyar mota da wuyan kwaɗo mai kyau.

A wajenmu narka tama ta mutu a zamanin Turawa, bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 kuma ƙarfen waje ya cika kasuwa. Maƙera suka koma ga tsofaffin ƙarafa, musamman sifirin ɗin mota. Ajaokuta da aka fara ginawa a 1979 har yau ba ta cike gurbin ba, wannan kuma zancen wata rana ne.

Abin lura ga masu walda da kanikawanmu na Kado shi ne fatar nan siririya ce, yawanci ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu. Wanda ya goge haƙorin giya da injin wasa ƙarfe don ya daidaita shi, ya kankare taurin ke nan, kuma wutar walda tana sassauta shi. Kwaɗo kuwa, kafin ma'aji ya biya, a ɗan goga ƙaramin zarto a wuyansa. In zarton ya zame bai bar shaida ba, a saya. In ya ci, a mayar wa mai shago.