Kifin Kori

Kori, wanda masana ke kira Corydoras, ƙaramin kifin ruwan daɗi ne daga dangin tarwaɗa. Asalinsa Kudancin Amurka, tun daga tsibirin Tirinidad har arewacin Ajantina. Masanin Faransa Lacépède ya raɗa masa sunan Corydoras a 1803. Ba shi da ɓawo irin na sauran kifaye, sai layi biyu na faranten ƙashi a kowane gefe. Yawancinsu ba sa wuce santimita 7.

Idan ana kiwonsa a akwatin gilashi, a ƙasan akwatin yake wuni, yana tonon abinci da gashin bakinsa, shi ya sa yashi mai laushi ya fi masa tsakuwa. Lokaci-lokaci yakan taso saman ruwa da gudu ya haɗiyi iska, hanjinsa ya tsotse ta. Ba ya son kaɗaici, don haka ake ajiye shida ko fiye. Masu barinsa da ragowar abincin wasu kifaye suna cutarsa. A jefa masa nasa mai nutsewa.

Idan ana son su hayayyafa, sai a sauya wani kaso na ruwan da mai ɗan sanyi, kamar saukar damina. Namiji yakan gitta gaban macen, ita kuma ta tara ƙwai kaɗan tsakanin fukafukan cikinta, ta je ta manna su a gilashi ko ganye. Suna ƙyanƙyashewa cikin kwana 3 zuwa 5. Iyayen sukan cinye ƙwan, don haka ake raba su da shi.