Kuskuren ma'aunin laimar iska

Kuskuren ma'aunin laimar iska shi ne bambancin da ake samu tsakanin adadin da na'ura ta nuna da ainihin laimar da ke cikin iska. Ana lissafin laima da kashi cikin 100. Matsalar ta fi yawa a ƙananan tashoshin auna yanayi da ɗalibai da masu sha'awa ke haɗawa a gida, da na'urori masu araha irin su DHT11, DHT22 da BME280.

Yadda na'urar take aiki

Yawancin waɗannan na'urori suna da wani siririn sinadari mai tsotsar tururin ruwa daga iska. Idan ya tsotsa ko ya saki, yadda lantarki ke bi ta cikinsa yana sauyawa, sai na'urar ta mayar da sauyin zuwa lamba. Duk abin da ya toshe sinadarin, ko ya ɗumama shi fiye da iskar waje, yana gurɓata sakamakon.

A arewacin Jigawa

A ƙananan hukumomin Sule Tankarkar, Gumel, Maigatari da Gagarawa na masarautar Gumel, laima tana sauyawa sosai a cikin shekara. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, takan sauka ƙasa da kashi 20 da rana. Da asubahin Agusta kuwa takan haura kashi 80. Saboda haka ƙaramar lamba da hunturu ba ta nufin na'ura ta lalace. Amma DHT11 ba a ƙera ta don auna ƙasa da kashi 20 ba, shi ya sa ba a dogara da ita a wannan lokaci.

Sahihin awo yana da muhimmanci ga masu ajiye riɗi, gyaɗa da wake, domin fumfuna yakan kama amfanin gona idan laimar ɗakin ajiya ta daɗe sama da kashi 70.

Dalilai

Ƙurar hunturu tana toshe ramukan na'ura, ta sa ta jinkirin nuna sauyi. Zafin rana ko na rufin kwano yana sa ta nuna ƙasa da gaskiya. Raɓa ko feshin ruwan sama kan sa ta tsaya a kashi 99. Hayaƙi, maganin ƙwari da tsufa suna karkatar da awon a hankali.

Gwaji da gyara

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne na gishiri. Ana jiƙa gishirin miya kaɗan ba tare da ya narke duka ba, a rufe shi tare da na'urar cikin kwalba mara shigar iska har kwana guda. Lafiyayyar na'ura za ta nuna kusan kashi 75. Idan bambancin kaɗan ne, ana gyara shi a lissafi. Idan ya yi yawa, sai a sauya na'urar.

Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tsara a ajiye ma'auni a tsayin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa, cikin farin akwati mai kare rana da barin iska ta ratsa.